Hayaƙi Ne, Ban Gani Ba

Ku matso, ya ku masu kunnen ji, ku gyara zama, ya ku masu son labarin nesa. Ni ne Anaruwa ɗan maginiyar tukwane, mutumin Tsaunin Gwarje, wanda ya bar gida da sanda ɗaya da tambaya ɗaya, ya ƙetare tudu da ruwa, har ya hau karagar Babila ba da gādo ba, ba da yaƙi ba. Na ci sarauta, na sha fadanci, alhali duk wanda ya durƙusa ya ce raina ya daɗe ya san an fara haƙa kabarina. Yadda na hau, da yadda na sauko da kaina a bisa wuyana, shi zan ba ku yau.

Tambayar da ta fitar da ni gida ƙarama ce. A garinmu, in rana ta kama wata, sai a fito da turame da ƙore a yi ta kaɗawa, ana roƙon ta sake shi. Ni kuwa tun ina ƙarami ba sakin ne ya dame ni ba, kamun ne. Me ya sa yau, ba jiya ba? Wa ya tsayar da ranar? Na tambayi uwata, ta ce in miƙo mata ruwan kwaɓi. Na tambayi tsofaffi, suka ce bakina ne zai kashe ni. Har na yi gemu ban samu amsa ba, sai wani falke ya sauka gidanmu sayen tulu, ya ce can gabas, tsakanin koguna biyu, akwai birnin da mutanensa kan faɗi ranar da za a kama wata tun ba a kama shi ba. Kowa ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, kuma kafin damina ta faɗi na ɗaure ƙunshina.

Ƙasar farko da na faɗa ita ce ta Marera, mutanen da ke ajiye saninsu a maƙogwaro. Kowane tsoho a can yana da tauraronsa da waƙar tauraron, wadda ya karɓa daga bakin ubansa. In ka nuna wani tauraro ka ji an yi shiru, to mai shi ya mutu bai bar ɗa ba. Na tambaye su yaushe aka kama wata na ƙarshe. Tsofaffi biyu suka miƙe, ɗaya ya rera cewa shekarar fari ce, ɗaya ya rera cewa shekarar ambaliya ce, kowanne da jikoki masu kulake a bayansa. Suka ce tunda ni na ta da maganar ni zan raba gardama, wanda na ƙaryata kuwa jikokinsa za su gaisa da haƙarƙarina. Na ce kunnena na baƙo ne, ba ya gane waƙa sai an ɗauko ta daga tushe. Tushen kuwa daga halittar duniya yake farawa. Suna cikin rerawa, jama'a na amshi ido a lumshe, na zare jikina na bi ta bayan rumbuna.

Daga nan jirgin masu gishiri ya ajiye ni a tsibirin Ƙullau. Waɗannan sun fi na farko dabara. Duk tsayuwar wata sai su yi ƙulli a igiya, in an kama wata su ƙulla da jan zare, har igiyar ta kewaye gari. Sai dai na iso a mugun lokaci, don awaki sun shiga sun cinye tsakiyarta, gari ya rasa a wane wata yake. Ba shuka, ba aure, ba suna, kowa ya zuba tagumi. Suka kulle ni a ɗaki, suka ce baƙo daga waje yake, dole ya san watan da duniya ke ciki. Ni da na daɗe a kan ruwa, ko sunana da ƙyar nake tunawa. Na leƙa ta taga na ga mutane a rame, na ce ai watan biki ne. Aka rangaɗa guɗa, aka yanka awakin da suka yi ɓarnar, na ci cinya guda na kama gabana. Har yau ban sani ba ko gyara musu shekara na yi ko ƙarasa ta.

Bayan tafiyar da ta cinye mini takalma da ƙiba, na hango Babila. Hasumiyarta na fara gani, hawa bisa hawa, kowane hawa da launinsa, kanta a cikin sararin sama. Ganuwar kuwa kekunan doki biyu kan wuce a kanta ba su gogi juna ba. Amma abin da ya tsayar da ni a bakin kogi daban ne. Wasu mutane na gani suna kwaɓa yumɓu da ganganci, da tsakuwa da ciyawa da komai. Jinin uwata ya motsa. Na ture su na shiga da ƙafa, na tace, na murje, na miƙa musu curi mai laushi kamar man shanu. Wani dattijo mai nannaɗaɗɗen gemu, wanda ke tsaye yana ƙanƙance ido, ya karɓa ya latsa ya sunsuna.

"Wane gari ne ya yi asararka?" in ji shi.

Na ba shi amsa da guntun harshensu da na tsinta a bakin matuƙa jirgi. Sunansa Balatu, shi ne babba cikin masu tsaron sama, waɗanda aikinsu ke nan hawa hasumiya su duba abin da taurari ke yi. Ya ɗauke ni aiki nan take. Ashe yumɓun ba na tukunya ba ne. Allo ake yi da shi kamar tafin hannu, a ɗauki tsinken kara a yi ta latsawa tun yana ɗanye, alamu su fito kamar sawun kaza a bakin rijiya. In ya bushe a rana sai a kai shi Gidan Alluna a jera.

"Baba, wannan ado ne ko tsafi?" na tambaye shi.

"Magana ce."

"Maganar wa?"

Ya zaro wani tsohon allo daga cikin jerin. "Wannan kakan kakana ne. Yana cewa a watan girbin sha'ir tauraruwar yamma ta ɓace."

Na kai allon kunnena na kasa. Balatu ya yi dariya har ta koma masa tari.

Daga ranar na zama ƙaya a ƙafarsa da tambaya. Wata rana ya ce mini tauraruwar yamma da tauraron asuba abu ɗaya ne. Na ce, "Baba, a nan kam kun zame. Ta yamma Zara ce, matar wata. Na asuba Gamzaki ne, mai ta da matafiya. Ko goyo a garinmu ya san su biyu ne."

"Ka taɓa ganin ita da yamma, ka kuma ga shi da asubar da ta biyo?"

Ya ja ni cikin Gidan Alluna, muna tafe yana shafa alluna yana karanto mini. Duk inda wani kakansa ya rubuta cewa ta yamma ta ɓace, ba a jimawa sai ka ji na asuba ya bayyana. In na asuba ya ɓace, sai a daɗe, ita ta dawo. Haka tun daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki, ba a taɓa samun su tare ba. Ya ce, "Ran mutum ɗaya ya yi gajarta ga wannan aiki. Sai an haɗa idon matattu da na masu rai." Na fito kaina yana juyawa, ina jin haushi da daɗi a lokaci guda, don an raba ni da tauraro ɗaya kuma ban ga wanda zan kai ƙara ba.

Wata yamma na raka shi kan hasumiya, hadari ya rufe sama ruf. Duk da haka ya ɗauki tsinke ya latsa wani abu. Na ce me ya rubuta alhali babu abin gani. Ya ce, "Na rubuta: gajimare ne, ban gani ba."

"Haba Baba! A garinmu in dattijo bai gani ba sai ya ce ya gani. Wa zai ƙaryata shi?"

"Jikan jikana. Zai zo yana lissafi, ya taka ƙaryata ya faɗi, bai san abin da ya kayar da shi ba."

Ya nuna mini cewa ɗaki biyu ne a Gidan Alluna. Ɗaya na lissafi, inda ake ajiye abin da ake tsammani. Ɗaya na gani, inda ba a shigar da komai sai abin da ido ya shaida a cikin birnin, ko idon wane ne, kuma duk abin da aka shaida wajibi ne ya shiga. Waɗannan kalmomi na gani da rashin gani su ya fara koya mini latsawa, ina yi yana cewa hannuna ya fi dacewa da gindin tulu.

A nan ne na sauke masa tambayar da na ɗauko tun daga gida. Ya ce kamun wata dangi gare shi. Wanda aka yi yau, ɗan'uwansa zai dawo bayan shekara goma sha takwas da 'yan kwanaki. Ubansa ne ya tsinci wannan a cikin alluna, shi kuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman ya ƙara da lokacin da abin zai faru a cikin yinin, yana auna dare da ruwan da ke ɗiga daga tukunya. A kamun da ya wuce zazzaɓi ya kwantar da shi bai gwada lissafinsa ba. Na gaba kuwa tsakiyar watan gobe ne. Ya taɓa idonsa da ya fara yin fari ya ce, "Shi kaɗai ya rage mini. Na bayansa sai dai a ba ni labari a kabari."

Ba a yi nisa ba sai ga Ikisha, shugaban haikalin birnin, ya zo har ramin yumɓu da masu riƙe masa lema. Mutum ne mai taushin murya, irin wanda in ya yi maka murmushi sai ka laluba aljihunka. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Baƙo, kana da dangi a birnin nan?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Mata fa? 'Ya'ya?"

"Ko kaza ba ni da ita."

"Madalla," in ji shi.

Aka wanke ni, aka shafe ni da mai, aka sa mini riga mai nauyin jaki. Aka karanto wasu kalmomi aka ce in maimaita, na maimaita ban san me nake cewa ba. Aka ɗora ni a karaga. Sarkin gaskiya kuwa aka fitar da shi ta ƙofar baya zuwa wani lambu, aka hana kowa kiransa sarki, sai dai a ce Manomi. In fadawa za su kai masa saƙo sai ka ji suna cewa za su je gaida Manomi. Ni dai na ɗauka haka arziki yake faɗo wa mutum a ƙasashen gabas. Na ci gasasshiyar agwagwa da dabino har na fara ganin laifin uwata da ba ta haife ni a nan ba.

Da safe masu tsaron sama kan kawo wa sarki labarin abin da suka gani. Balatu ya shigo ya faɗi ƙasa, ya ƙi ɗaga kai. Na kori fadawa.

"Baba, tashi mana. Ni ne fa, mai kwaɓa maka yumɓu."

"Ranka ya..." Ya tsaya. "A'a. Kowa ya faɗa maka wannan, ni ba zan iya ba."

Sai ya warware mini. A wurinsu kamun wata saƙo ne daga sama. Sun raba fuskar wata huɗu, kowane gefe da ƙasar da yake magana a kanta, kuma gefen dama shi ne na Babila. In duhu ya ci dama, sharrin na kan wanda ke zaune a karaga ne. Shi ya sa in kamu ya matso sai su ɓoye sarkinsu su ɗora na aro. Kalmomin da na maimaita, karɓar sharrin na yi da bakina. In duhun ya faɗa wani gefe, za a sallame ni da kyauta. In ya faɗa dama, za a ba ni wani abu a ƙoƙo in sha, a binne ni da ganguna irin na sarakuna, Manomi ya dawo gidansa.

Na ce, "To lissafinka me ya ce? Dama ko hagu?"

"Lissafina yana faɗin yaushe. Ba ya faɗin ta ina. Kuma ni na kai labarin kamun nan fada, ɗana. Ban san kai za su ɗauko ba."

"In ba a ga komai ba fa?"

"Abin da sama ta ɓoye wa Babila ba da Babila take ba. Amma rani ne. Babu gajimare ko na magani."

Na ce to yaushe ne. Ku ji ikon Allah, tsohon nan da hawaye a idonsa, amma da ya zo faɗin wannan sai fuskarsa ta washe. Ya ce wata zai fito daga gabas a kame, daidai faɗuwar rana, kuma kafin ya haura kan dabinai da tsawon mashi an sake shi. Ɗan lokaci ne ƙanƙani, a can ƙasa-ƙasa, a gabas.

Na zauna ina juya maganar. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Gudu ba hanya, don kowace ƙofa da masu mashi. Amma na lura da abu guda. Don kada sama ta gane cewa sarkin na aro ne, duk abin da na umarta ana yi, in ban da fita daga fada ko sauka daga karaga. Na sa aka kira Ikisha.

"Allunanku shanyar rana ce," na ce masa. "Ran da kogi ya yi fushi ya shiga ɗakin nan, kakanninku duka sun koma taɓo. Ina so a toya su kamar yadda ake toya tulu. A gina matoya a jere a bayan ganuwa ta gabas, a sa wuta ranar da wata zai cika."

Ikisha ya yi murmushinsa. Na ji yana raɗa wa na kusa da shi cewa mai tafiya yana son ya bar abin tunawa. Ya ce an gama.

Allunan kam ban cuce su ba. Na sa aka jera su yadda uwata ke jera tukwane, da busasshen makamashi a ciki. Amma na ce in rana ta karkata a lulluɓe kowace matoya da ɗanyen kara da kashin shanu da kwalta, wai haka muke yi a garinmu don ƙarin ƙarfi. Duk ɗan maginiya ya san abin da ɗanyen kara ke yi a kan wuta, ya kuma san cewa da yamma, in iska ta kwanta, hayaƙi ba ya tashi sama, shimfiɗa yake yi.

Balatu ya ga inda ake ginin. Ya zo fada ya tsaya a gabana, bai faɗi ƙasa ba.

"A gabas?"

"A gabas, Baba."

Ya ce, "Ka san abin da za ka ɗauke mini."

"Na sani. Kai ma ka san abin da za a ɗauke mini."

Ya juya ya fita yana laluben hanya da sandarsa. Na jira masu mashi su zo, don kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a rushe ginin. Ba wanda ya zo.

Ranar ta zo. A al'adarsu in za a kama wata kowa ɗaki yake shiga ya rufe kai da mayafi, ana buga wata babbar gangar tagulla a haikali. Masu tsaron sama kaɗai ke kan hasumiya. Sarki kuma a kai shi saman fada ya zauna a lulluɓe don sharrin ya same shi, dogarai a durƙushe kewaye da shi, su ma a lulluɓe. Rana ta yi ja ta fara nutsewa. Ta ƙarƙashin mayafi na leƙa gabas, na ga hayaƙina ya taso baƙi ƙirin, ya kwanta a kan dabinai, ya haura ganuwa, ya naɗe hasumiya har ba a ganin kanta. Birni duka ya ɗauki tari.

Na yi zaton daɗi zan ji. Baƙin ciki ne ya zo mini. Abin da na baro uwata dominsa, na sha dukan rana da ƙishirwa dominsa, ga shi can yana faruwa a lokacin da aka faɗa, ni kuma da hannuna na ja masa labule. Na kasa haƙuri. Na yaye mayafin gaba ɗaya na zuba ido.

Sai wata 'yar iska ta gifta, hayaƙin ya tsage kaɗan daidai inda nake. Na gan shi. Ja wur kamar tukunyar da aka zaro daga wuta, yana fitowa ta tsakanin dabinai, duhu ya gutsure shi ta gefe guda, ta hannuna na hagu. Kafin in ja numfashi na biyu hayaƙi ya rufe. Lallai mutum yana iya sanin ranar, ya san lokacin! Kuma ta hagu ne, ba dama ba. Na ce a raina ashe wahalar banza na yi, na kuma cuci tsoho a banza. Amma ban yarda da Ikisha ba, don haka na riƙe bakina, karo na farko tun da aka haife ni.

Da gari ya waye aka taru a fada. Ikisha ya ce Balatu ya karanta abin da ya shiga ɗakin gani. Tsohon ya ɗaga allo ya karanta: "Hayaƙi ne, ban gani ba."

"Amma lissafinka ya ce an kama shi," in ji Ikisha.

"Lissafina yana ɗakinsa."

"To ka ɗauko shi ka rubuta a nan. Wa zai sani?"

"In na rubuta an kama shi, ta wane gefe zan ce? Ka zaɓa mini, Ikisha, in sa sunanka a ƙasa a matsayin wanda ya gani."

Ikisha ya dube ni, murmushin nan ya tafi. Na ga ya gane komai, amma ya makara. A cikin allunansu an rubuta cewa in aka kashe mai zaune a karaga ba tare da sama ta nuna alama ba, jinin yana komawa kan mai karagar na gaskiya. Ba wanda ya yarda ya ɗauki wannan. Aka tuɓe mini rigar, aka mayar mini da tsummana, aka ce dogarai biyu su kai ni kogi su sa ni a jirgi, kada a sake ganin ƙeyata a Babila.

Jirgin irin nasu ne, kewayayye kamar kwando, an shafe shi da kwalta. Ana kwance igiyarsa sai ga Balatu yana saukowa gangaren da sanda. Ya tsaya kawai, ya rame a yini guda, idonsa ya ƙara fari saboda hayaƙi. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, tunda ta hagu ne, me zai cutar in na ba shi abinsa?

"Baba, zo ka duba mini rubutuna na ƙarshe."

Na tsuguna a bakin ruwa inda taɓo yake da laushi. Na zana da'ira, na danna babban yatsana a gefen da duhu ya ci, a ƙasa na latsa kalmar da ya koya mini: na gani. Ya durƙusa da ƙyar, ya bi alamun da yatsunsa. Na ji numfashinsa ya tsaya.

"Yaushe?" ya raɗa.

"Yana fitowa, rana na faɗuwa. Bai ko haura dabinai ba."

"Daidai," in ji shi. "Daidai, daidai." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, kafaɗunsa na rawa da dariyar da ba ta da sauti.

"Kuma ka ga, ta hagu ne," na raɗa masa. "Ko ban yi hayaƙin ba da na tsira. Ka yafe mini, Baba."

Yatsansa ya tsaya cak a cikin gurbin nawa.

"Hagun wa?"

"Haguna mana."

"Wata fuska gare shi, ɗana, mu yake kallo. Hagunka damarsa ce."

Ashe dama duhun ya ci. Na rubuta hukuncina da hannuna, a cikin birni, a gaban mutumin da bai taɓa barin abin da aka gani ya kwana bai shiga allo ba. Ɗaya daga cikin dogaran ya matso yana leƙe.

"Baba Balatu, me baƙon ya rubuta?"

Tsohon ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali. Ya dube ni, ya dubi hasumiya can sama. Sannan ya ɗora ƙafarsa a kan da'irar ya murza.

"Shirme," in ji shi. "Na ɓata lokacina a kansa, har yau bai iya riƙe tsinke ba. Ku sa shi a jirgi ya tafi."

Aka tura ni. Jirgin ya shiga juyawa a kan ruwa, in ya juyo in ga birni, in ya juya in ga dabinai. Ko Manomi ya yi tsawon rai bayan ya koma karagarsa, ban tsaya tambaya ba, ban kuma taɓa gamuwa da wanda ya sani ba.

A nan zan sauke kayana, ya ku masu saurare. Duk juyowar da jirgin ya yi ina hango shi a bakin ruwa, dogarai sun hau gangare sun bar shi, shi kuwa yana nan tsaye shi kaɗai, ƙafarsa a cikin taɓo. Har kogi ya yi kwana da ni bai ɗaga ta ba.